Kada Ka Tafi Gamawa Da Muryata

Azare.

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka da lafiya da natsuwa. Allah ya tsare ka a hanyar Gamawa, ya tsare ka a ƙasa, ya tsare ka a saman gini. Amin.

Za ka yi mamaki, a gida ɗaya muke kwana amma na ba mahaifiyarka takarda ta miƙa maka. Dalili shi ne na san kaina. In na zaunar da kai, kafin in kai tsakiyar magana muryata ta tashi, kai kuma na lura ba abin da kake ɗauka a wurina sai tashin muryar. To ga shi a rubuce, babu tsawar da za ka kwaikwaya a ciki. Rubutun wanda ya tsaya a aji uku na sakandare ne, amma zai karantu.

Malam Bukar ya ajiye gudumarsa. Ya ce ba zai bi ka Gamawa ba. Ka san ko wane ne Malam Bukar a wurina: tare muka fara hawa gini tun ba a haife ka ba, kuma duk kafintocin da ke aiki a ƙarƙashina sai sun dubi fuskarsa kafin su ɗauki zarto. In bai shiga motar Gamawa ba, sauran za su shiga, amma jikinsu kaɗai za ka kai. Ajujuwan makarantar da aka ba mu rufinsu kuwa, na yi wa mutane alkawari yara za su shiga kafin ruwan farko. Wannan shi ne aikin farko da na danƙa maka gaba ɗaya, kuma tun ba ka ɗora jaka a mota ba ka kori mutumin da aikin ke tsaye a kansa.

Bari in maimaita maka abin da ka yi a Itas, don na ga alamar kai ba ka ɗauke shi komai ba. Na tura ku rufin wani ɗan gida a can don in gwada ka. Ka ce a ƙara langalanga a bangon gabas, a ɗaure katako da gini sosai, domin gidan yana fuskantar fili kuma ta nan iska ke bugowa. Malam Bukar ya ce yadda aka saba ɗaurewa ya isa. Sai ka gyara hula zuwa goshi yadda nake yi, ka yi irin gyaran muryata, ka tsaya a gindin tsani ka ɗaga kai ka ce, “Kai Bukar, bawan banza, ni zan faɗa ka yi!” A gaban yaran aiki. A gaban mai gidan.

Habibu, a ina ka samo wannan? Na sani, a bakina ka ji. Kullum da safe ina ce masa, “Bawana, an tashi?” shi kuma ya ce, “Ɗan Fulani, yau ma an bar shanu da yunwa an zo cin arzikin Barebari?” Wannan wasa ne tsakanin Fulani da Barebari, mun tarar da shi, za mu bar shi. Amma wasa ake yi da shi. Ban taɓa jefa masa kalmar nan ina fushi ba, ban taɓa haɗa ta da umarni ba, ban kuma taɓa liƙa mata “banza” ba. Kai ka ɗauko ta daga inda take sa dariya ka mayar da ita bulala, a kan mutumin da ya ɗauke ka a kafaɗa ranar da aka yi maka kaciya. Sunansa ma ka kira gatsau, babu Malam, babu Baba. An ce ya sauko daga tsani a hankali, ya dube ka ya ce, “Habibu, ubanka in zai faɗi wannan, haƙoransa a waje suke.”

Da a nan ka tsaya, da na ce ƙuruciya. Sai ka zaro salula ka kira ni. Ina shagon katako ina fama da masu lodi, na ji kana cewa, “Baba, ga shi ka yi masa magana.” Malam Bukar ya karɓa, ya gaishe ni, sannan ya tambaye ni abu ɗaya: “Alhaji, wa ke riƙe da aikin nan? In kai ne, ka zo. In shi ne, me ya sa nake magana da kai?” Ni Jibrin, wanda ban taɓa rasa abin faɗa a gaban injiniya ko ɗan kwangila ba, ɗana ya kunyata ni kamar an kama ni da kayan sata.

Wayar nan ni na saya maka, kuma na yi nadama. Tun da sabis ya shigo garin nan ka mayar da ita igiya. Kwano bai iso ba, a kira Alhaji. Yaro ya makara, a kira Alhaji. Har wace ƙusa za a buga sai an hau tudu an nemi sabis an kira Alhaji. Ni kuma ina ɗauka, ina jin daɗi wai ba abin da ke tafiya sai da ni. Ashe kowane kira ƙara rage ka yake a idon mutanenka.

Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa, kai ne da gaskiya. Na je Itas da kaina na duba bangon. Langalangar tana buƙatar ƙari, kamar yadda ka ce. Kana da gaskiya a hannu, kana da zanen ginin a aljihu, ka yi karatun da ni ban yi ba, ka san dalilin da iska ke ɗaga rufi ta gefe ɗaya ta bar ɗaya. Da ka hau ka zauna kusa da shi ka buɗe zanen ka nuna masa, Malam Bukar ba jahili ba ne, da ya gani. Duk ka watsar da abin da yake naka, ka je ka aro abin da ba naka ba.

Sai kuma jiya mahaifiyarka ta zo mini da murna, wai ta tambaye ka wane irin maigida kake so ka zama, ka ce mata, “Irin Alhaji sak.” Ta zaci zan ji daɗi. Abinci ma kasa ci na yi. Irin Alhaji sak! Ka san yadda aka yi Alhajin? Ka ga hular, ka ji muryar, ka ɗauka shi ke nan mutumin.

To saurara ka ji, don kuskuren nan na riga ka yin sa.

Wanda ya koya mini aiki wani mutumin kudu ne, Oga Fidelis, da ya zo garin nan da sana'ar katako ya zauna har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Mutum ne mai raha. Yana saman gini yana waƙa, kowane yaro ya laƙaba masa suna, a kwano ɗaya yake cin abinci da mu. Kuma aiki na tafiya kamar ruwa. Da na samu nawa yaran, aka ba ni rufin wani gida a Zadawa, sai na ce ai haka ake yi. Na shiga waƙa, ni da ban iya waƙa ba. Na shiga ba da labarin ban dariya, ana dariya, ashe ni ake yi wa. Yara suka ga maigidan wasa ne, inda ya kamata a buga ƙusa a kowane tudun kwano sai su tsallake, ni ina can ina neman a so ni. Iskar farko da ta zo ta naɗe rabin rufin ta ajiye a gonar maƙwabci. Mai gidan bai zage ni ba, aikowa kawai ya yi in zo in ɗauki kwanona.

Na koma wurin Oga Fidelis ina huci, ina cewa yaran banza ne. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Jibrin, lokacin da nake waƙa, ka taɓa duba inda idona yake?” Ban taɓa dubawa ba. Idonsa na kan kowace guduma. Waƙar halinsa ce, ba ita ke riƙe da aikin ba. Ni na ɗauki waƙar na bar idon. Don haka in ka ga wani yana tafiyar da mutane, kada ka tsaya a abin da kunne ke ji. Abin da ke riƙe da aikin yawanci ba ya ƙara.

Daga nan na juya gaba ɗaya. Na ce tunda raha ta cuce ni, ba wanda zai sake ganin haƙorina. Na zama wuta. Yaro ya yanka katako ya gaza, kora. Ya tsaya shan ruwa ya daɗe, kora. Ana tsorona, ina jin ni wani ne. Har wata rana a wani aiki cikin garin nan na waiwaya, ba kowa sai ni da Bukar, shi ma don bashin zumunci ne. Mu biyu muna ɗaga katakon da ya kamata a ce mutane da yawa ne ke ɗaga shi, rana na dukanmu. Ya dube ni ya ce, “Ɗan Fulani, saura ni. In ka kore ni sai ka kori tsanin.”

Ranar ban koma gida kai tsaye ba. Bayan la'asar na zauna a inuwar ginin na yi wa kaina tambayar da ba wanda ya isa ya yi mini. Na ce, Jibrin, ajiye Fidelis, ajiye masu tsawa da ka gani a wasu wurare, kai ɗin me ke gare ka? Amsar ba ta yi mini daɗi duka ba. Ina da zafin rai, kuma ba zai bar ni ba. Ba ni da haƙurin yin bayani. Abin da hannuna ya sani bakina ba ya iya faɗa. Amma ba a riga ni zuwa wurin aiki, ba na tsoron sama, hannuna ba ya ƙarya, kuma ban iya rufe aibin aiki da fenti ba. Da waɗannan na gina kaina, don su nake da su. Tunda ban iya bayani ba, na ce zan riƙa nunawa: ni ne farkon hawa, ni ne ƙarshen sauka. Tunda zafin rai ba zai tafi ba, na kafa masa iyaka: ba na korar mutum ranar da na yi fushi da shi, sai na kwana. Tsawar da kake ji, mutanena suna haƙuri da ita ne saboda sun ga ƙafata a kan katakon da nake cewa su taka. Aibina ce suke yafewa. Kai kuma aibin ka zaɓa ka gada.

Yanzu kai. Ba zan yi maka duka aikin ba, amma tunda uba ne ni, ga abin da idona ya gani. Kana tsoron sama. Kada ka yi musu, duk wanda ya taɓa riƙe maka tsani ya ji yana rawa. Kowa ya sani, kai kaɗai kake zaton sirri ne, shi ya sa kake tsayawa a ƙasa kana ɗaga murya don kada a lura. An lura. Ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne mutum ya ɓoye rauninsa a bayan wulaƙanta wani. Ko ka riƙa hawa kaɗan-kaɗan har ƙafarka ta saba, ko ka faɗa musu da bakinka cewa sama tasu ce, awo da zane naka ne. Duk wanda ka zaɓa za su girmama shi fiye da wannan wasan kwaikwayon.

Kana kuma da abin da ni ba ni da shi, ko da yake ba na son faɗa. Na sha tsayawa a bakin ƙofa ina jin ka kana koya wa ƙannenka lissafi. Ka maimaita, ka sake maimaitawa, ka canza hanya, muryarka ba ta tashi. Ni da tuni na jefar da littafin. Wannan haƙurin a wurin mahaifiyarka ka samo shi, ba a wurina ba. Mutumin da zai iya sa yaro ya gane abin da ya gagare shi, zai iya sa tsohon kafinta ya gane dalilin ƙarin langalanga. Me ya kai ka barin wannan a gida ka tafi wurin aiki da hulata?

Sauran kai za ka nemo. Ka samu wuri ka zauna kai kaɗai, ba tare da abokan nan naka masu ce maka “ƙaramin Alhaji” ba, don su ne suka fara lalata ka. Ka tambayi kanka me kake iyawa ko ba a sa ka ba, me kake gudu, me ke sa ka fushi, kuma in ka yi fushin wa yake biya. Ka tambayi kanka, da ba ɗan Jibrin ba ne kai, saboda me mutum zai bi ka? In ka rasa amsa yau, ba laifi, aƙalla ka san abin da ka fita nema. In kuwa duk amsoshin da ka samu masu daɗi ne, ƙarya ka yi wa kanka, sake zama.

Sai maganar buri. “Ina so in zama babban mutum” ba buri ba ne, mafarkin rana ne. Ni ma na yi irinsa. Akwai lokacin da ba abin da nake so sai in ga sunana a allo a bakin titi, ya fi na wani abokin hamayyata girma. Na karɓi aiki a wurare da yawa lokaci guda don a ce Jibrin ya kai. Ina Gamawa hankalina na Azare, ina Azare ana nemana a wani ƙauyen. Allon ya tashi, ya yi kyau, aikin da ke bayansa kuwa ni kaina ba na son in bi ta gabansa. Sai da na sauke wa kaina wannan hauka na ɗauki abu ɗaya tak: rufin da na buga, iska ba za ta ɗaga shi ba. Shi ke nan. Ƙarami ne a baki, amma shi ya gaya mini irin katakon da zan ƙi saya, irin aikin da zan ƙi karɓa, da irin mutumin da zan riƙe ko da ba ma shiri.

Kuma buri ne da ake iya dubawa. Ka sha ganina, duk shekara in aka yi iskar farko ta damina, washegari da safe na hau babur na fita, kuna cewa Alhaji ya tafi yawonsa. Ba yawo ba ne. Rufin da na yi a shekarar nake bi ɗaya bayan ɗaya. Ba na sallama, ba na neman a gode mini. In tsaya daga nesa in duba. In na ga kwano ya ɗaga ko da gefe ne, ba na tambayar wane yaro ya buga. Ina tambayar ina nake lokacin da aka buga. Wannan zagayen shi ne alƙalina, kuma ba ya karɓar uzuri.

Ba cewa na yi ka ɗauki burina ba, kada ka sake yin irin ta Itas. Nawa ya dace da mai guduma. Kai nemi naka, wanda ya dace da mai zane da haƙuri. Wataƙila ka ce duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinka ba zai buga ƙusar da bai san dalilinta ba. Wataƙila wani abu ne daban da ban hango ba. Ko mene ne, ya zama abin da za ka iya tsayawa a ƙarshen aikin Gamawa ka ce na yi ko ban yi ba, ba tare da ka tambayi kowa ba. Ka faɗa wa mutanenka shi tun ranar farko, don su kama ka in ka kauce.

Daga yau ba zan ɗauki kiranka a kan aiki ba. In gaisuwa ce, kira mahaifiyarka, za ta miƙo mini. In ka ce kwano, ko katako, ko wane ya ƙi jin magana, zan mayar mata da wayarta. Ka yi kuskure in za ka yi, naka ne, za ka san inda ya fito.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya sa na zauna rubutun nan.

Yau da hantsi Malam Bukar ya zo shago. Bai tsokane ni ba, ni ma ban tsokane shi ba, abin da bai taɓa faruwa tsakaninmu ba. Ya zauna a kan katako ya ce ya yi tunani, ba zai bari alkawarina ya faɗi ba. Zai je Gamawa, zai riƙe yaran, za a gama kafin ruwa. Ya ce, “Saboda kai zan je, Alhaji. Yaron ya zauna a inuwa, ba sai mun yi magana ba.”

Ka san abin da wannan ke nufi a wurina. Da na ce to, aikin ya tsira, sunana ya tsira, in kwanta in yi barci. Kai kuma ka tafi Gamawa a matsayin kaya, ka dawo a matsayin kaya, kuma har ka tsufa a cikin sana'ar nan ana cewa a bar shi, ɗan Alhaji ne.

Na ce masa a'a. Na ce kada ya kuskura ya taka motar nan saboda ni. Na ce in ɗana ya zo da ƙafarsa ya yi maka maganar da ta gamsar da kai, ka bi shi. In bai zo ba, ko ya zo da bakina, ka zauna a gidanka, rufin ya lalace, ni zan je in tsaya a gaban mutanen Gamawa in sha kunyar. Ya dube ni ya ce ban da hankali. Na ce na sani.

Shekarun da na yi ina gina sunan nan, yau na ɗora shi a kan abin da zai fito daga bakinka. Ban taɓa ba wani mahaluki wannan damar ba, kuma kada ka zaci cikin daɗin rai na yi. Mota za ta tashi ranar Asabar. Gidan Malam Bukar ka san shi. Ba zan aika kowa ya raka ka ba, ba zan gaya maka abin da za ka ce ba, don ni kaina ban san yadda mutum irinka yake ba da haƙuri ba. Ban taɓa ji ba. Shi ma bai taɓa ji ba, kuma yana jira.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya, kai da duk wanda ya yarda ya bi ka. Allah ya tsare ku daga faɗuwa da tsautsayi, ya riƙe ruwan sama har ku buga ƙusar ƙarshe. Allah ya yi maka albarka, ko da yake har yanzu ina fushi da kai.

Wassalam.

Mahaifinka,
Alhaji Jibrin Kafinta